Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Yadda 'Yan Rediyon Sha'awa Suka Koma Dogon Zango

A ranar 5 ga watan Fabrairun 2001 wasu mutum biyu suka fara gaisawa ta rediyo, ɗaya yana kudancin Ingila, ɗayan yana lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ba su kammala gaisuwar ba sai ranar 19 ga watan. Kada mai karatu ya zaci wata doguwar hira suka sha. Duk abin da ya wuce tsakaninsu a cikin mako biyun nan bai cika layi ɗaya na jarida ba: lambar kiran kowannensu, da rahoton yadda saƙon ɗan'uwansa ya iso, da shaidar cewa an gani. Da rubutun Mos suka yi aikin, wato ɗigo da sandan nan na wayar tangaraho, sai dai ɗigo ɗaya nasu yana cin daƙiƙa 90, sanda kuwa daƙiƙa 180. Babu wanda ya ji ko ƙis da kunnensa. A fuskar kwamfuta suka riƙa ganin saƙon, wani siririn zane yana ɓullowa a hankali daga cikin dishi-dishi.

Mutanen su ne Laurie Mayhead na Ingila da Larry Kayser na Kanada, zangon da suka bi kuwa shi ne na kilohaz 136, wanda ake kira mita 2,200. Mai sauraren rediyo a ƙasar Hausa ya saba da jin mita 19 da mita 25 da mita 31 tun zamanin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Waɗannan lambobi tsawon igiyar rediyon suke faɗa, daga gangara ɗaya zuwa ta gaba. To igiyar da mutanen nan biyu suka hau, tsawon guda ɗaya ya zarce kilomita biyu. Dukansu 'yan rediyon sha'awa ne, irin mutanen da ke cin jarrabawa su karɓi lasisi daga hukuma, su kafa ƙaramar tasha a gida don gwaje-gwaje da sadarwa a tsakaninsu, ba don kuɗi ba, ba kuma don watsa shiri ga jama'a ba. Kowace ƙasa da farkon lambarta: ta Najeriya 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G. Abin da ya kai waɗannan mutane ga aika harafi ɗaya cikin mintuna yana da dogon asali, kuma asalin kora ce.

Korar 1912

A farkon zamanin rediyo, masana sun yi imanin cewa gwargwadon tsawon igiya gwargwadon nisan da za ta ci. Suna da hujja. Hanyar saƙonnin kasuwanci da kamfanin Marconi ya buɗe a 1907 tsakanin Clifden a ƙasar Ailan da Glace Bay a Kanada, a kan igiya mai tsawon dubban mitoci take. Dogon zango shi ne dukiyar, kowa kuma yana ciki: sojan ruwa, kamfanoni, jiragen ruwa, da samari masu haɗa na'ura a ɗakin kwanansu, kowa yana tartsatsa wutarsa ba tare da wani tsari ba.

Sai jirgin Titanic ya nutse a daren 14 zuwa 15 ga Afrilun 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka. A kan mita 600 ya yi kiran neman agaji. A kwanakin da suka biyo baya an sami ruɗani da labaran ƙarya a iska, aka kuwa ɗora wa 'yan sha'awa kaso mai tsoka na laifin. Kafin watan Agusta ya ƙare shugaban Amurka William Taft ya sa hannu a kan dokar rediyo da ta wajabta lasisi, ta kuma ce ɗan sha'awa ba shi da hurumi a igiyar da ta wuce mita 200. Dogon zango ya zama na gwamnati da kamfani. Gajeren kuwa, wanda ake gani ba ya wuce bayan gari, shi aka sakar wa yara su yi wasa.

Lissafin bai fito yadda aka zata ba. A Disamban 1921 ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a gaɓar Skotlan, ya kafa tanti a cikin sanyi da ruwan sama, ya kama tashoshin 'yan'uwansa na Amurka fiye da ashirin. A Nuwamban 1923 Léon Deloy na birnin Nis a Faransa ya yi magana kai-tsaye da Fred Schnell da John Reinartz na Amurka a wajajen mita 110. Shekara na zagayowa wani matashi a makarantar Mill Hill ta Landan, Cecil Goyder, ya sadu da Frank Bell, wani makiyayin tumaki a Niyu Zilan, wato ƙarshen duniya daga Ingila. Ashe gajeriyar igiya tana dukan wani rufi na iskar sama mai ɗauke da lantarki ta dawo ƙasa, ta sake tashi, har ta zagaye duniya da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba. Nan da nan waɗanda suka yi korar suka biyo sawu, har taron Washinton na 1927 ya yanka wa 'yan sha'awa 'yan filaye a cikin gajeren zangon da su suka nuna amfaninsa. Wannan zango ne daga baya ya riƙa kawo wa Bahaushe labarai daga Landan da Kolon da Washinton.

Dogon zango ya zauna a hannun manya. Suwidin ta gina tashar Grimeton a 1924 a kan kilohaz 17.2, da hasumiyoyi shida, kowace tsayinta mita 127. Ingila ta buɗe ta Rugby a 1926, da turaku masu tsayin mita 250. A dogon zangon ake magana da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, a can ake watsa siginar daidaita agogo, a can tsarin Decca da na Loran suke nuna wa jiragen ruwa hanya. Wata ƙofa da aka bari a buɗe tana Amurka, inda doka ta yarda kowa ya yi gwaji tsakanin kilohaz 160 da 190 ba tare da lasisi ba, muddin wutar ba ta wuce wat ɗaya ba, eriyar kuma ba ta wuce mita 15 ba. Wasu 'yan tsiraru suka yi shekaru suna fama a nan, suna murna idan an ji su a nisan kilomita ɗari ko biyu.

An dawo da su, amma da sharaɗi

Tauraron ɗan'adam ne ya buɗe ƙofar. Da GPS ya kankama a shekarun 1990, tsofaffin hanyoyin nuna wa jirgi hanya suka fara zama kayan tarihi, dogon zango kuma ya fara samun sarari. A 1996 Birtaniya ta ba 'yan sha'awarta wani ɗan yanki a wajen kilohaz 73, da izini na musamman. A 1997 ƙungiyar hukumomin sadarwa ta ƙasashen Turai, CEPT, ta ba da shawarar a buɗe kilohaz 135.7 zuwa 137.8, Birtaniya ta buɗe shi a Janairun 1998, ƙasashe da dama suka bi.

Kyautar dai ta mai rowa ce. Faɗin zangon gaba ɗaya kilohaz 2.1 ne, wanda ko muryar mutum ɗaya ba za ta shige ba, balle ta jama'a. Ƙarfin da aka yarda ya fita daga eriya wat ɗaya ne. Maƙwabtan kuwa ƙarti ne: daga sama akwai wata tasha a Burg ta Jamus, daga ƙasa akwai wata a Hangari, dukansu suna aika umarni ga na'urorin kamfanonin lantarki da dubban wat. Ga kuma Loran a kilohaz 100, wanda burbushin siginarsa ya riƙa zubowa cikin zangon har zuwa lokacin da Amurka ta kashe nata tashoshin a 2010, Turai kuma a ƙarshen 2015.

Wat ɗayan nan ma samunsa aiki ne, kuma a nan ne wanda bai san harkar ba zai sha mamaki. Eriya tana aiki sosai ne idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon igiyar. A mita 2,200 rubu'in ya kai mita 550, tsaye. Wa ke da wannan a bayan gidansa? Abin da mutum zai iya shi ne ya ɗaga waya mita goma ko goma sha biyar, ya shimfiɗa wasu wayoyin a sama tsakanin bishiya da bututun hayaƙin gida. Don a tilasta wa wannan guntuwar waya ta karɓi wuta, sai an naɗa wata wayar ɗaruruwan zagaye a jikin wani abu mai faɗi. Da yawa a jikin bokitin roba ko kwandon shara suka naɗa tasu, a ciki kuma su sa wani ƙaramin naɗin da ake juyawa da hannu har a dace. Duk da haka, cikin wat dubu da na'ura za ta turo, da ƙyar wat ɗaya ke tashi sama. Sauran duk zafi yake zama, ƙasa ta sha, naɗin ya sha, bishiyoyin lambu su sha. A saman naɗin nan kuwa ƙarfin lantarki kan haura bolt dubu goma. Da dare akan ga shuɗin haske yana tsartuwa a bakin waya, roba ta narke, reshen da ya taɓa waya ya ƙone. Idan aka yi ruwa, ko iska ta kaɗa wayar, daidaiton ya goce, sai a fita da tocila a sake juyawa.

Da tsarin Decca na Birtaniya ya rufe a ƙarshen Maris na 2000, wasu suka sayi tsofaffin na'urorinsa suka gyara su zuwa kilohaz 136, wasu ma suka sami aron turken tashar Puckeridge mai tsayin kusan mita 100 na ɗan lokaci. Amma yawanci da wayar bayan gida aka yi tarihin.

Lokaci a madadin ƙarfi

Wanda doka ta hana shi ƙara wuta, fili kuma ya hana shi ƙara eriya, abu ɗaya ya rage masa, shi ne lokaci. Duk wanda ya taɓa kiran wani daga wancan gefen gona ranar da ake iska ya san ba da sauri ake faɗin sunan ba, ja ake yi. A rediyo ma haka abin yake, kuma yana da lissafi. Shuu ɗin da ake ji a akwatin rediyo a warwatse yake ko'ina a zangon. Idan ka rage faɗin ƙofar da kake saurare ta ciki sau goma, hayaniyar da za ta shigo ta ragu sau goma. Sai dai ƙunƙuntar ƙofa ba ta wuce da saƙo mai sauri, dole a rage gudun saƙon shi ma sau goma. Sakamakon daidai yake da a ce mai aikawa ya ninka wutarsa sau goma. Claude Shannon ya shimfiɗa ƙa'idar wannan ciniki tun 1948, cewa babu siginar da ta yi rauni har ta kasa ɗaukar saƙo, in dai an yarda a jira.

A ɗauki kalmar KANO. A rubutun Mos, idan aka haɗa ɗigo da sanda da tazarar da ke tsakani, tsawonta ya yi daidai da ɗigo 39. Ma'aikacin tangaraho mai matsakaicin gudu zai buga ta cikin daƙiƙa huɗu. Idan aka mai da ɗigo ya zama daƙiƙa uku, kalmar za ta ci kusan minti biyu. Idan ɗigon ya zama minti ɗaya, sai an yi minti 39 kafin a kai harafin ƙarshe. Amma a wannan gudun, wat ɗaya yana yin aikin da sai wat ɗari shida za su yi a gudun farko. Ma'aikatan Mos suna da lambar QRS da suke bugawa idan suna so a sassauta musu, sai 'yan dogon zango suka ƙara mata S guda suka kira salon nasu QRSS. Lambar da ke biye, kamar QRSS3 ko QRSS60, ita ke faɗin daƙiƙoƙin ɗigo.

Kunne ba ya iya wannan aiki. Ba ya riƙe sauti na minti ɗaya ya auna shi, ba ya kuma tace ƙofar da ba ta kai haz ɗaya ba. Kwamfuta ce ta iya, kuma sa'ar da aka yi ita ce buɗe zangon ya zo daidai da lokacin da kwamfutar gida ta sami katin sauti. Akwai wata dabarar lissafi da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965, wadda ke rarraba sauti zuwa dubban sirara-siraran layuka, ta nuna ƙarfin kowane. A 1997 wani ɗan sha'awa, Peter Martinez, ya kama wata raunanniyar sigina ta kilohaz 73 daga nisan kusan kilomita 400 ta irin wannan hanya. Ba a daɗe ba manhajoji na kyauta suka bazu: Argo ta wasu 'yan Italiya biyu, Alberto di Bene da Vittorio De Tomasi, da Spectrum Lab ta Bajamushe Wolfgang Büscher.

Ga yadda daren mai wannan sana'a yake. Ya jona akwatin rediyo da kwamfuta, ya saita manhaja, fuskar kwamfutar ta cika da shuɗin dishi-dishi mai tafiya a hankali daga dama zuwa hagu. Duk walƙiyar da aka yi a wata nahiya sai ta bar zane a tsaye. A tsakiyar wannan, idan an dace, wani farin layi a kwance zai bayyana, ya ɗauke, ya dawo, gajere, dogo, gajere. Mutum ya sa ido ya karanta. Rahoton da ake mayarwa harafi ɗaya ne, an aro shi daga masu harba sigina ga wata ta dawo: O idan an karanta sarai, M idan an karanta da ƙyar, T idan alama kawai aka gani. Da yawa ma ba sa zaman jira. Sukan bar kwamfutar tana ɗaukar hoto, su kwanta, da safe su duba abin da dare ya kawo. Daga baya aka fito da wata dabarar rage lokaci mai suna DFCW, inda ɗigo da sanda suke da tsawo ɗaya, sai dai ɗaya yana ɗan sama da ɗaya a kan allo, abin da ya rage tsawon saƙo da fiye da rabi.

Da waɗannan kayan aka tunkari Tekun Atlantika. A Satumban 2000 aka kama siginar kilohaz 136 daga saman wani dogon bene a yammacin Landan a Nova Scotia ta Kanada, amma amsar ta gajeren zango ta dawo, don haka rabin aiki ne. A watan Fabrairun da ya biyo baya Mayhead da Kayser suka yi tasu ta mako biyu, zuwa da dawowa duk a dogon zango. Dalilin daɗewar shi ne hanyar ba ta buɗewa sai duhu ya rufe tekun daga gaɓa zuwa gaɓa, a cikin daren ma siginar takan nutse ta ɗago. Ga shi harafin O kaɗai, sanda uku ne, minti tara ke nan ban da tazara. Wani daren a sami haruffa biyu, wani daren ba ko ɗaya. A Nuwamban 2001 siginar Mayhead ta sake ƙetare tekun a kilohaz 72, inda eriyar ta fi zama guntuwa, kafin Birtaniya ta janye wancan zango a ƙarshen Yunin 2003. A Maris na 2004 wata tawaga a Quartz Hill kusa da Wellington ta Niyu Zilan ta yi sadarwa da wata tawagar Rashawa kusa da Vladivostok, nisan da ya haura kilomita 10,000.

An yi gardama a kan sadarwar mako biyun nan, kuma gardamar tana da tushe. Masu suka suka ce abin da aka tsinto guntu-guntu cikin darare goma sha huɗu, alhali kowa ya san wanda yake jira da lokacin da zai bugo, ba hira ba ce. A ganina suna da gaskiya rabi. Hira kam ba a yi ba. Amma tambayar da ake son amsawa a lokacin ita ce ko wat ɗaya daga bayan gida zai iya kai bayani hayin teku a wannan zango, ya kuma dawo da amsa. Wannan an amsa ta, waɗanda suka zo daga baya suka rage kwanakin zuwa awoyi.

Daga ido zuwa lissafi

QRSS yana da aibi ɗaya babba: rabin lokacin na'urar a kashe take, kuma idan walƙiya ta share wani sashe na harafi, ya tafi ke nan. Injiniyoyin da ke magana da kumbunan da aka tura duniyoyi masu nisa sun daɗe da maganin wannan. Sukan warwatsa kowane ɗigon bayani a cikin saƙon gaba ɗaya, ta yadda ko an rasa wani yanki lissafi zai cike gurbin. Stewart Nelson ya kawo wannan dabara dogon zango da manhajarsa WOLF, wadda ke ɗaukar saƙo mai haruffa 15 ta yi ta maimaita shi duk daƙiƙa 96, kwamfutar mai karɓa tana tara maimaicin har saƙon ya fito. Ita ma ta ƙetare Atlantika a 2001. Sai dai tana bukatar saiti mai wahala, ba ta sami jama'a sosai ba.

Wanda ya kai abin ga kowa shi ne Joe Taylor na Jami'ar Princeton. Taylor ɗan rediyon sha'awa ne tun yana yaro, masanin taurari ne kuma, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993 tare da Russell Hulse, saboda gano wasu taurari biyu masu zagaya juna da suka yi a 1974 da babbar eriyar Arecibo. Aikinsa na rayuwa shi ne tsamo raunanniyar sigina daga cikin hayaniya. A 2008 ya fito da WSPR. Saƙonta abu uku ne kawai: lambar kira, da wurin da tasha take, da ƙarfin wutarta. Wurin ma da haruffa biyu da lambobi biyu ake faɗinsa, bisa wani tsari da ya yanka duniya gida-gida. Zariya tana JK31, Yamai tana JK13. Ana aika wannan cikin ƙasa da minti biyu, a faɗin da bai wuce haz shida ba, duk tashar da ta kama kuma sai kwamfutarta ta kai rahoto wata ma'ajiya a intanet, mai aikawa ya ga a taswira inda ya kai. A 2012 ya ƙara JT9, wadda tun asali don dogo da matsakaicin zango aka yi ta. A farkon 2021, shi da Steve Franke da Bill Somerville suka saki FST4 da FST4W, inda zagaye ɗaya ke iya ɗaukar daga daƙiƙa 15 har zuwa minti 30. Mafi jinkirin cikinsu tana karanta siginar da hayaniya ta fi ta ƙarfi sau dubu talatin, idan aka auna a faɗin da murya ke bukata. A irin wannan jinkiri dole na'ura ta tsaya cak a kan zangonta, shi ya sa da yawa suke ɗaure agogon na'urarsu da siginar GPS, wato tauraron da ya kashe Decca shi ne yanzu yake riƙe musu saiti.

Dokokin duniya a baya suka biyo. Sai a babban taron rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Janiba a 2007 aka amince da zangon mita 2,200 ga 'yan sha'awa a duniya baki ɗaya, da iyakar wat ɗaya. Taron 2012 ya ƙara musu kilohaz 472 zuwa 479, wato mita 630, dab da zangon da Titanic ya yi kuka a kai, wanda jiragen ruwa suka bari bayan da sabon tsarin neman agaji ya maye gurbin Mos a 1999. Amurka, wadda ita ta fara korar, ita ce ta kusan zama ta ƙarshe a cikin manyan ƙasashe. A 2003 hukumarta ta sadarwa ta ƙi, saboda kamfanonin lantarki suna aika siginar sarrafa layukansu a waɗannan zanguna. Sai a Satumban 2017 aka buɗe, da sharaɗin mutum ya sanar da ƙungiyar kamfanonin tukuna, kuma kada tasharsa ta kusanci irin waɗannan layuka da ƙasa da kilomita ɗaya. Daga 1912 zuwa nan shekara 105 ke nan.

Wasu ma ba su tsaya nan ba, sun gangara ƙasa da kilohaz 9, inda tsawon igiya ya haura kilomita talatin. A 2014 an gano siginar wani ɗan sha'awa na jihar North Carolina a garin Todmorden na arewacin Ingila, bayan an tara ta na tsawon awoyi.

Akwai tsofaffin hannu da ke cewa da zuwan su WSPR an cire mutum daga harkar, kwamfuta ce ke gaisawa da kwamfuta. Ban tsaya tare da su ba. A dogon zango manhajar ita ce abu mafi sauƙi, kyauta ake saukar da ita. Abin da ke raba wanda aka ji da wanda ba a ji ba har yanzu shi ne naɗin wayar nan, da yawan ƙarfen da aka binne a ƙasa, da sanin wace na'urar cajin waya ce a cikin gida take cika zangon da ƙara. Waɗannan ba a saukar da su daga intanet. Amfanin aikin kuma ya wuce nishaɗi, domin a ƙasan rufin nan na sama dogon zango yake dukawa, kuma duk rahoton da aka ajiye shaida ce ta yadda wannan sashe yake sauyawa tsakanin dare da rana, da kuma bayan rana ta yi aman wuta.

Taswirar waɗannan rahotanni cike take a Turai da Arewacin Amurka da Japan da Ostareliya, Afirka ta Yamma kuwa kusan fayau. Akwai dalili na halitta: nahiyarmu tana cikin wuraren da aka fi yin walƙiya a duniya, musamman kwarin Kwango, kuma da damina tsawa takan toshe dogon zango. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu sararin Sahel yakan yi shiru, kuma lokacin ne dare ya fi tsawo a Turai, tashoshinsu suka fi yawa a iska. Watsawa sai da lasisin hukuma. Kamawa kuwa ba ta bukatar hasumiya ko wat dubu: ƙaramar eriya a wurin da ke nesa da janareta, akwatin rediyon da ke sauka ƙasa da kilohaz 500, tsohuwar kwamfuta, da batir mai cajin rana. Sassan fiziks da na injiniyan lantarki a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai suna da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. A ba wasu daga cikinsu wannan, su kafa kafin hunturu mai zuwa.